Ruwan famfon Flint: yadda gari guda ya sha gubar dalma wata 18

Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani kan gubar dalma ba, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. To irin wannan gubar ce ta shiga wani gari a Amurka, sai dai a can ta famfon kicin ta shigo, kuma ba ta kashe yara nan take kamar na Zamfara ba don adadin bai kai haka ba. A hankali ta riƙa taruwa a jininsu. Sunan garin Flint, a jihar Michigan.

Asalin garin

Flint garin ƙera motoci ne, a nan aka kafa kamfanin General Motors a 1908. A 1960 mutanen garin sun kusa 200,000, kuma baƙaƙen fata da yawa sun yi ƙaura daga kudancin Amurka sun zo neman aiki a masana'antu. Sai dai ba ko'ina ake barinsu su zauna ba, unguwanni ƙalilan aka ware musu, bankuna ba sa ba su bashin sayen gida a wasu wurare, dillalan gidaje ma ba sa kai su. Ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, ta titin St. John, daga baya rushe ta aka yi aka bi da babbar hanya ta wajen.

Da masana'antu suka fara rufewa sai masu hali, galibi farar fata, suka koma sababbin unguwannin bayan gari da harajinsu, aka bar garin da tsofaffin bututun ruwa da aka shimfiɗa don mutum dubu ɗari biyu, masu biyan kuɗin gyaransu kuwa sun ragu da rabi. A ƙidayar 2010 mutum 102,000 da 'yan kai suka rage, kusan kashi 57 cikin 100 baƙaƙen fata, kusan kashi 40 kuma suna cikin talauci. Tun 1967 garin yake sayen tataccen ruwa daga birnin Detroit, wanda ake jawowa daga tafkin Huron.

2011 zuwa 2013: zuwan kantoma

Bashi ya yi wa garin katutu. A ƙarshen 2011 gwamna Rick Snyder ya naɗa wa Flint kantoma, wato mutum ɗaya da ikonsa ya fi na magajin gari da kansiloli duka, ba zaɓensa aka yi ba kuma gwamna kaɗai yake ba wa bahasi. A Nuwamba 2012 mutanen Michigan suka kaɗa ƙuri'a suka soke dokar kantoman, a Disamba majalisar jihar ta sake kawo wata makamanciyarta. A shekarun nan kusan rabin baƙaƙen fatan jihar sun zauna ƙarƙashin kantoma, farar fata kuwa wajen kashi 2 cikin 100.

A 2013 aka yanke shawarar Flint za ta shiga wani sabon aikin jawo ruwa daga tafkin Huron don rage kuɗin da ake biyan Detroit. Aikin zai ɗauki shekaru kafin a gama, saboda haka a ƙarƙashin kantomomin aka tsayar cewa kafin nan za a riƙa ɗibar ruwan kogin Flint ana tacewa a tsohuwar matatar garin, wadda ta yi shekaru kusan 50 ba ta aiki kullum. An yi lissafin za a rage kashe kamar dala miliyan 5 cikin shekara biyu.

25 ga Afrilu 2014: ranar da aka sauya ruwa

Ranar an yi ɗan biki a matatar, magajin gari Dayne Walling ya danna maɓallin rufe ruwan Detroit, manya suka ɗaga kofuna suka sha ruwan kogi a gaban 'yan jarida.

Abu ɗaya ba a yi ba. Akwai wani sinadari, fosfet, da ake zubawa a ruwan famfo, aikinsa ya yi wa cikin bututu wani ɓawo kamar yadda cikin tsohuwar butar shayi yake yin fari, ɓawon nan shi ke raba ruwa da ƙarfen bututu. Detroit tana zubawa shekara da shekaru. Flint ba ta zuba ba, hukumar muhalli ta jihar ma ba ta ce a zuba ba, ta ce a sa ido na wata shida sau biyu tukuna. An ƙiyasta kuɗinsa bai fi kusan dala 100 a rana ba. Shi kuma ruwan kogin yana da gishirin da ke cin ƙarfe sosai, sai ya fara kankare ɓawon nan, dubban gidaje kuma bututun da ya haɗa su da babban layi na dalma ne.

Cikin 'yan makonni mutane suka fara ƙorafi. Ruwa na fitowa ja-ja kamar shayi, wani lokaci ruwan ɗorawa, ga wari, yara na fesowa da ƙuraje bayan wanka, gashin wasu na zubewa. Suka riƙa cika gorori suna zuwa da su taron kansiloli suna ɗagawa sama. Amsar da suke samu ita ce ruwan ya cika ƙa'ida. Shi launin nan tsatsar baƙin ƙarfe ce, ita dalma ba ta da launi ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, ruwa zai iya fitowa garau alhali cike yake da ita.

Agusta 2014 zuwa Maris 2015: abubuwan da aka gwada

A Agusta da Satumba aka samu ƙwayoyin cuta irin na bayan gida a ruwan wasu unguwanni, aka ce mutane su riƙa tafasawa. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire dalma, ƙara mata ƙarfi ma take yi don ruwa na ƙonewa ita tana nan. Uwar da ta bi umarni ta tafasa ruwa ta dama wa jaririnta madarar gwangwani ba ta san abin da take ɗura masa ba.

Aka ƙara kulorin. Shi kuma ya haɗu da dattin kogi ya haifar da wasu sinadarai da ake dangantawa da ciwon daji in an daɗe ana sha, har a Janairu 2015 aka aika wa mutane takarda cewa ruwan ya saɓa dokar tarayya ta wannan fuskar. Ga shi tsatsar da ke cikin bututu tana cinye kulorin ɗin kafin ya kai ƙarshen layi. Aka riƙa buɗe famfunan kashe gobara a tituna ana zubar da ruwa wai a wanke layi, bai hana komai ba.

A Oktoba 2014 masana'antar injin mota ta General Motors ta ce ruwan yana sa kayanta tsatsa, aka ba ta dama ta koma ruwan tafkin Huron ta layin wata ƙaramar hukuma da ke maƙwabtaka. A Janairu 2015 aka fara ajiye tulunan tataccen ruwa a ofishin gwamnatin jiha da ke cikin Flint don ma'aikata. A watan nan kuma Detroit ta ce a dawo ta yafe kuɗin sake haɗawa dala miliyan 4, ba a karɓa ba. Ranar 23 ga Maris kansiloli suka kaɗa ƙuri'a 7 da 1 a koma ruwan Detroit, kantoma Jerry Ambrose ya ƙi, ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka. Duk wannan lokacin bil na zuwa, wani bincike ya nuna a farkon 2015 gida ɗaya a Flint na biyan kusan dala 864 a shekara, mafi tsada cikin manyan hukumomin ruwa 500 na ƙasar.

Fabrairu zuwa Satumba 2015: awo

Ma'aunin hukumar muhalli ta tarayya a lokacin shi ne in dalma ta haura kashi 15 cikin biliyan a fiye da gida ɗaya cikin goma da aka auna, dole a ɗauki mataki. A Fabrairu aka auna gidan wata uwa mai 'ya'ya huɗu aka samu 104, a Maris 397. Aka ce matsalar daga famfunan gidanta ne, alhali na roba ne. Ta nemi wani jami'in hukumar tarayya, Miguel Del Toral, shi ya haɗa ta da Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech, da suka auna da kyau wani samfurin ya kai 13,200. Abin da ya kai 5,000 ana lissafa shi cikin shara mai guba.

A Yuni Del Toral ya rubuta rahoton cikin gida cewa ba a zuba maganin tsatsa a Flint, rahoton ya fita ta hannun ɗan jarida Curt Guyette, mai magana da yawun hukumar muhalli ta jiha ya ce mutane su kwantar da hankalinsu.

To ta yaya awon hukuma yake fitowa lafiya? Ana ce wa masu gida su saki famfo ya zuba na wasu mintuna da daddare kafin a ɗebi samfur da safe, ana ba su gorori masu ƙaramin baki da sai an rage gudun ruwa kafin a cika, kuma ba a tabbatar gidajen da ake aunawa masu bututun dalma ba ne kamar yadda doka ta ce. A zagayen farkon rabin 2015 an cire samfur biyu masu yawan dalma daga lissafi, sakamako ya dawo ƙasa da 15.

Sai mutanen gari suka ɗauki aikin da kansu. Ɗaliban Edwards suka aiko da kwalaye 300 na gwaji, mata da fastoci da 'yan sa-kai suka bi gida gida suka raba suka koya wa mutane yadda ake ɗiba, 252 suka dawo a zagayen farko. Kashi 40 cikin 100 sun haura kashi 5 cikin biliyan, awon da ake hukunci da shi kuma, wanda bai kamata ya haura 15 ba, ya fito 25. Gwajin ɗakin bincike ya nuna ruwan kogin ya ninka na Detroit cin dalma kusan sau 19.

Ranar 24 ga Satumba likitar yara Mona Hanna-Attisha ta asibitin Hurley ta kira 'yan jarida. Ita ba sabon gwaji ta yi ba, tsofaffin sakamakon jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke cikin kwamfutar asibiti ta kwatanta, na kafin sauya ruwa da na bayansa. A alƙaluman da aka buga daga baya, yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun tashi daga kashi 2.4 zuwa 4.9 cikin 100, a unguwannin da abin ya fi muni ya haura kashi 10. Jami'an jiha suka fara da ƙaryata ta, bayan kamar mako guda suka yarda. Likitoci sun daɗe da cewa babu wani adadin dalma da yake lafiya a jinin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa da koyo da ɗabi'a, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Oktoba 2015 zuwa 2016: komawa ruwan Detroit

Ranar 16 ga Oktoba 2015 aka koma, wata 18 ke nan. Amma bututun sun riga sun kwaile, sai da aka ƙara fosfet a Disamba aka jira ɓawon ya sake kamawa a hankali. Sabuwar magajiyar gari Karen Weaver ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 14 ga Disamba, gwamna ya bi ranar 5 ga Janairu 2016, shugaba Obama ranar 16. Sojojin jiha suka shiga rabon ruwan gora da filta, coci-coci da masallatai suka zama wuraren rabo. Iyali su yi girki da ruwan gora, su goge baki da shi, su ɗumama shi a tukunya su yi wa jariri wanka, tsohuwar da ba ta da mota kuma sai ta jira wanda zai ɗauko mata katan. Filtar da ake ɗaurawa a bakin famfo tana cire dalma in an ɗaura daidai ana kuma canza cikinta, amma a gidaje da yawa famfon tsoho ne ba ta zama, wasu kuma suna sakin ruwan zafi ta ciki wanda ke lalata ta.

Ranar 13 ga Janairu 2016 ne aka fara gaya wa jama'a cewa tun tsakiyar 2014 ake fama da ɓarkewar cutar Legionnaires a yankin, wani mugun ciwon huhu da ake ɗauka ta shaƙar feshin ruwa mai ƙwayar cutar. A hukumance mutum kusan 90 suka kamu, 12 suka rasu. Akwai jami'an da suka san da ƙaruwar cutar kusan shekara guda kafin wannan sanarwa.

2016 zuwa 2025: tonon bututu

Maganin dindindin shi ne a tone a cire bututun dalma a sa na jan ƙarfe. Matsalar ita ce garin bai san inda suke ba, bayanan suna kan dubban ƙananan katuna da aka rubuta da hannu, wasu sun goge. Masu bincike na jami'ar Michigan suka haɗa wani lissafin kwamfuta da ke duba shekarun gida da unguwa ya nuna inda ya fi kamata a tona, a 2017 kusan kashi 70 na ramukan da aka haƙa an samu bututun da ake nema. A 2018 aka ajiye lissafin aka koma tona ko'ina daidai wa daida don kowace mazaɓa ta ga ana aiki a wajenta, sai samun ya faɗo zuwa wajen kashi 15, ana ta tone bututu masu kyau alhali tsofaffin unguwannin talakawa na jira. A 2019 aka dawo da lissafin.

Abin da ya riƙe aikin shi ne yarjejeniyar kotu ta Maris 2017, wadda ƙungiyar fastocin garin da lauyoyin kare muhalli da na 'yancin ɗan'adam suka samo, jiha ta ɗauki nauyin har dala miliyan 97, aka sa 2020 a gama. Ba a gama ba. An ɗaga wa'adi sau da yawa, a Maris 2024 alƙali ya samu hukumar garin da raina umarnin kotu, sai a Yuli 2025 aka kai wa kotu rahoton cewa an maye gurbin bututu kusan 11,000 an kuma duba gidaje sama da 28,000.

A tsakanin nan, a Afrilu 2018 jiha ta daina rabon ruwan gora kyauta tana cewa awo ya sauka ƙasa da ma'auni, kuma gaskiya ya sauka. A makon ne kuma ta amince wa kamfanin Nestlé ya ƙara yawan ruwan da yake zuƙa daga ƙarƙashin ƙasa a wani yankin jihar, a kan kuɗin takarda dala 200 a shekara.

Kotu, diyya da lafiyar yara

An gurfanar da jami'ai 15 a zagayen farko, bakwai suka amsa ƙananan laifuka, a 2019 aka janye sauran don a sake bincike. A Janairu 2021 aka tuhumi mutum tara har da tsohon gwamna Snyder, a 2022 kotun ƙolin jihar ta ce hanyar da aka bi wajen tuhumar ba ta halatta ba, a 2023 aka rufe maganar. Babu wanda ya yi zaman gidan yari.

A Nuwamba 2021 alƙaliya Judith Levy ta amince da diyyar dala miliyan 626, kusan kashi 80 na yara ne. Har aka cika shekara goma da sauya ruwan a Afrilu 2024 kuɗin bai shiga hannun mutane ba. An faɗaɗa inshorar lafiya ta gwamnati ga yara da masu ciki da suka sha ruwan, an buɗe rajistar bin lafiyarsu, a Janairu 2024 kuma aka fara wani shiri da likita Mona ke jagoranta, mai ciki ta karɓi dala 1,500, bayan haihuwa dala 500 duk wata har shekara guda. Wani binciken da aka yi shekara biyar bayan fara matsalar ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyan garin da alamun ciwon damuwa, ɗaya cikin huɗu da alamun firgicin da ke biyo bayan bala'i.

Yadda nake ganin lamarin

Kuskuren fosfet kuskure ne da zai iya faruwa a kowace matata, da an saurari mutane da an gyara shi cikin wata ɗaya ko biyu. Abin da ya mai da shi wata 18 shi ne su waye suke kukan. Kamfani ya ce injinsa na tsatsa aka canza masa ruwa a Oktoba 2014, iyaye suka ce fatar 'ya'yansu na kwailewa suka ƙara shekara cur suna sha, wallahi wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Kuma ranar da wakilan da suka zaɓa suka ce a koma, babu abin da ƙuri'arsu ta iya, don an riga an ƙwace ta.

Wani zai ce ai farar fata ma sun sha, matar da aka samu 13,200 a gidanta ma farar fata ce, kuma cikin kantomomin akwai baƙar fata. Duk gaskiya ne. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar Michigan ta duba wannan, a rahotonta na Fabrairu 2017 ta ce tushen abin wariyar launin fata ce da ta shiga cikin tsari, ba sai an samu wani mutum ɗaya mai ƙiyayya a zuciya ba. Na yarda da ita. Wariyar gidaje ta shekaru ita ta tara baƙaƙen fata a garin da aka kwashe wa haraji, talaucin garin ya zama dalilin naɗa kantoma, kantoma kuma aikinsa rage kashe kuɗi, duk wanda ya rage a garin ko wane launi ne ya sha daga wannan kofin. Shi ya sa da gwamna Gretchen Whitmer ta ayyana wariyar launin fata a matsayin matsalar lafiyar al'umma a Agusta 2020 ban ɗauke ta maganar siyasa ba, an riga an auna abin a jinin yara.

Abubuwan da suka yi aiki kuwa duka daga wajen hukumomin da ke da alhakin suka zo: gorori 252 da mazauna gari suka cika da hannunsu, likitar da ta buɗe fayil ɗin da ke gabanta ta faɗa da wuri, da umarnin kotu mai wa'adi wanda lauyoyi suka yi ta bibiya shekara takwas. Tafasa ruwa da ƙara kulorin da cewa a kwantar da hankali duk sun ƙara ɓarna. Michigan ta tsaurara dokarta a 2018, ta wajabta cire duk bututun dalma a jihar cikin shekara 20, a Mayu 2025 kuma hukumar tarayya ta ɗage umarnin gaggawa da ta ɗora wa Flint tun 2016. Yaran da aka dama wa madara da ruwan kogin a 2014 yanzu sun haura shekara goma, kuma har yau akwai gidaje da yawa a garin da ba a shan ruwan famfo ko da filta a bakinsa.